Ƙaho a Goshin "Dokta"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan ajinmu da ƙahon saniya manne a goshina ba. Kuma wallahi ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina.

Muna aji biyar na sakandare a Kafanchan malaminmu na Bayoloji, Malam Bulus, ya ce kowa ya shirya jawabi kan tarihin magani, wato yadda mutanen dā suke warkar da ciwo kafin zuwan asibiti. Wanda ya fi kowa shi zai wakilci makaranta a gasar yankinmu. Ni kuwa tun ina firamare nake shelar cewa likita zan zama, har a coci "Dokta" ake kirana. In wani ya tafi gasar nan ba ni ba, da wane ido zan kalli mutane?

Sauran 'yan aji suka duƙufa kwafar labarin Misirawa daga littafi. Na ce ni abin gani da ido zan kawo. Ranar Asabar na hau mota zuwa Godogodo, na sami wani tsohon wanzami na roƙe shi aron ƙaho. Ya ba ni, haɗe da ɗan kakin zuma. Ya ce, "'Yata, a ɗora a jiki, a zuƙe iskar ta ƙaramar ƙofar nan, a toshe da kaki." Bai rufe baki ba na yi godiya na kama hanya (a ganina ai na gama haddace wanzanci).

Ranar jawabi na ɗaga ƙahon sama, na nemi wanda zai ba da bayansa a gwada. Ba wanda ya fito. Na dubi ƙawata Laraba.

"Abeg, ni ba na ciki," in ji ta. "Jikina ne za ki yi firaktikal da shi?"

To, ja da baya ba ya cikin tsarina. Na ce a jikina za a yi, kuma a goshi, don na bayan aji su gani sosai. Laraba ta yarda ta zuƙe. Yarinyar nan 'yar kwayar mawaƙan coci ce, numfashinta ba na wasa ba ne. Zuƙa ɗaya na ji fatar goshina ta shige ciki, ta liƙa kakin ta koma wurin zamanta.

Ajin ya kece da dariya. Na buɗe takarduna, shafi shida cur, na fara karantawa. Suna ƙara dariya ina ƙara murya. Goshina na zogi, idona na hawaye, ƙaho na rawa duk lokacin da na gyaɗa kai, amma ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Da na kai ƙarshe na ce, "Yanzu kuma sai a cire." Na ja. Ƙaho ya ce bai san zancen ba. Laraba ta zo ta kama da hannu biyu, tana ja kaina na bin ta har bakin allo.

Malam Bulus ya share idonsa ya ce, "Dokta, shi wanzamin bai gaya maki yadda ake cirewa ba?"

Na girgiza kai. Ya ari allurar kamfas na zanen lissafi a wurin wani ɗalibi, ya huda kakin, iska ta shiga, ƙaho ya faɗo da kansa. A wurinsa ga ƙulu kamar ƙwan zabuwa, da baƙin zobe kewaye da shi. Kunyar da na ji ranar ba ta faɗuwa. Na shige bayan aji na yi kuka mai isata, na tabbata gasa ta wuce ni.

Ranar Litinin sai ga sunana a allon sanarwa. Malam ya ce yarinyar da ta karanta shafi shida da ƙaho a ka, babu alƙalin gasar da zai razana ta. Na je gasar da ɗankwali har kan gira, na zo ta uku.

Likitancin dai bai samu ba, nas na zama. Amma har yau, ko me za a ba ni in maƙala wa mutum, tambayata ta farko ita ce yadda ake cire shi.