Dabinon Madina na Abakpa

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku amsa mini, jikokina, ko da yake wannan ba ta Gizo ba ce. Tawa ce, kuma jiya-jiyan nan ta faru.

Kun dai san Mai Girma Sarkin Alkawari, wanda ya rantse zai gyara mana famfon Unguwar Shanu kafin damina. Damina ta zo ta wuce, famfo ko tari bai yi ba. Jidar ruwa ta cinye mini gwiwa, har sai na dafa bango nake tashi daga sallah. Shi kuwa, Allah ya ƙara masa tausayi, ya cika jirgi da mutanensa, da kuɗinmu, ya tafi Umara roƙa mana ruwa.

Da ya dawo bai manta da mu ba. Yaransa suka bi gida-gida da ƙullin dabino, ga hotonsa a jikin leda, wai tsarabar Madina.

Na yi bismilla na jefa ɗaya a baki. Kai jama'a! Zaƙi har kunne, laushi kamar man shanu. Kafin la'asar gwiwa ta saki. Na taka ba sanda har gidan ƙawata Harira, ina cewa, "Ke dai ki ji albarkar ƙasa mai tsarki! Ina za a haɗa da busasshen nan na Ya'u, mai karya haƙori?"

Ya'u ƙanenta ne, mai tura baron dabino a Abakpa. Ashe yana zaure yana jina.

Ya leƙo ya ce, "Inna Yalwa, ai a buhuna aka auna shi. Ni na ƙulla da hannuna. Ruwa na yayyafa masa ya kwana, shi ne laushin."

"Ƙarya kake, ɗan nan!"

"Na Agadas ne, Inna. Ko filin jirgi bai taɓa gani ba."

Nan take ciwon gwiwa ya ce, "Salamu alaikum, na dawo." A keke aka mayar da ni gida, Harira na dariya har da riƙe ciki.

Na ɗauko sauran dabinon. Shi ne dai na ɗazu, amma da na tauna sai na ji kamar ice. An ce rashin sani ya fi dare duhu. To ni a cikin duhun nan na yi tafiya ba sanda.

Yau da safe na aika aka kira Ya'u. Na ce, "Auna mini, amma in za ka miƙo, ka ce na Madina ne. Ka faɗa da ƙarfi, ido cikin ido."

Ya ce, "Haba Inna, ni ɗan kasuwa ne, ban kai nan ba. Wannan aikin sai Mai Girma."

Ƙurunƙus. Mai Girma ya sake hawa jirgi. Ya'u ya samu kwangilar dabinon azumi. Harira ta gama baza ni a unguwa. Ni kuwa ina zaune da gwiwata, ina jiran wanda ya iya ƙarya ya zo ya duba ni.