Madubin Malam a Hannun Dama

"Hagu," in ji Baturen mai shagon keke, ya ɗaga hannunsa na hagu sama kamar ɗan makaranta. Surukata Rabi, matar autanmu, ta juyo ta maimaita mini, wai don kada gobe in ce ban ji ba. "Mama, ya ce a hagu ake ɗaura shi."

Na ce, "Na ji. Ce masa ya sa a leda."

Ko komai na Greensboro zai fice mini daga kai, wannan madubin ba zai fice ba. (Rubutun nan da tsufana na koye shi, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri, labarin ma a karkace yake.)

Ni da maigidana Malam mun zo Amurka wurin autanmu Nasiru ne, wai ziyara, sai zama ya miƙe. Malam ya zama ɗan taga. Daga asuba har la'asar yana zaune yana kallon Turawan unguwarmu Sedgefield suna bin 'yar farar ƙwallo da sanda, ba ya magana, ba ya cin abin kirki, suga kuma ya hau. Likita ta ce sai ya motsa jiki. To akwai wani keken tsere a gareji da Nasiru ya saya ya watsar, tayarsa siririya kamar taliya, kansa ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Malam kuwa tun yana saurayi a Kano keke ne ƙafarsa. Ya hau, ya duƙa kamar mai neman allura a ƙasa, ya tafi. Wallahi mutum ya dawo mutum. Har ƙarin tuwo yake nema.

Matsala ɗaya, wuyan Malam ba ya juyawa. In zai dubi baya sai dai ya juya da jikinsa duka, keken ma ya bi shi. Ran nan wata a-kori-kura ta kusa shafe shi, maƙwabciya ta gani ta kai wa Nasiru rahoto. Nasiru ya ce, "Baba, in ba ka ganin abin da ke bayanka, zan sa wa keken nan kwaɗo." Malam ya ture kwanon tuwo. Ni kuwa na san in aka kulle keken nan taga zai koma, kuma wannan karon ban san ko zai sake tashi ba. Shi ne na ce, "Madubi za a saya. Ni zan zaɓo."

A shago Baturen ya jera mana iri-iri. Akwai wanda ake liƙawa a hular kwano, ɗan mitsitsi kamar na likitan haƙori. Akwai wanda ake maƙalawa a jikin tabarau. Na ce wa Rabi, "Mijina ne zai yi yawo da cokalin shayi a gefen ido? Allah ya kiyaye." Ni babba nake so, mai dogon wuya, irin na kekunan gida da ake ɗaura wa tuntu. Baturen ya ce ƙahon keken tsere ba ya karɓar irinsa, zai tare wurin riƙo da birki. Sai ya fito da wani zagayayye mai ɗan tudu a fuska, wai ana cire murfin robar da ke ƙarshen ƙahon, a zura shi ciki, a ɗaure da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. Ya ce yana nuna fili da yawa, amma mota takan fi kusa da yadda take a ciki. Ya ƙara da cewa sai mai keken yana bisa sirdi za a daidaita shi. Rabi ta fassara duka. Ni ina can ina duba ko ya yi kyau.

Da muka dawo gida Rabi ta ce a jira Nasiru. Na ce, "Ni? Yayana hayar keke yake yi a ƙofar gidanmu tun ba a haifi uwarki ba." (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, ban taɓa hawa ba, leƙe nake yi ta zaure.)

Na shiga gareji na tsaya gaban keken, na dubi hagu, na dubi dama. Yanzu sabon abu, abin kare rai, a ce a fara da hagu? Da dama muke ci, da dama muke miƙa kyauta, takalmi ma dama ake fara sawa. Bature me ya sani, mutumin da ya miƙo mini canji da hagu? Na sa gindin cokali na ɓamɓare murfin dama, na yi bisimilla, na zura. Na kife bokiti na zauna, na yi ta juya madubin har fuskata ta fito tas. Na gyara ɗankwali, na ɗaure shi tamau da ƙarfin da nake tuƙa tuwon suna.

Da safe Malam ya dubi madubin, ya dube ni, ya ce, "Madalla." Mutumin nan tun da aka kai ni gidansa bai taɓa cin gardama da ni ba, ya daina gwadawa.

Ran Asabar akwai suna a McLeansville, can bayan gari, gidan wani Alhaji da ke da fili, can ake zuwa in ana son yanka rago ba tare da maƙwabta sun kira 'yan sanda ba. Nasiru ya sa keken a bayan mota, ya ce hanyar can ba tirafik, nan za a gwada. Sharaɗi: Malam ya hau, shi zai bi shi da mota, da ya hango mota a madubi ya ɗaga hannu. Ya ɗaga, keke nasa ne. Bai ɗaga ba, kwaɗo.

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Mata na suyar nama a tsakar gida na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sanarwa. Hajiya Zali, wata 'yar Maraɗi da ba ma raga wa juna, ta ce, "Retrobizon nan," wato madubi da Faransancinsu, "ke kika ɗaura da kanki?"

Na ɗaga hannu na ce, "Da wannan hannun."

Aka fito bakin hanya, maza da mata, wasu da nama a hannu. Malam ya cire hula ya kifa kwano, ya tattare riga, ya hau. Nasiru ya bi shi a hankali. Ya kunna fitila, shiru. Ya matso har kusa da taya, shiru. Ina ta cewa a zuci, ɗaga mana, bawan Allah! Nasiru ya ɗan taɓa ham. Malam ya zabura, keke ya yi rawa, saura ƙiris ya faɗa kwalbati.

Suka dawo. Nasiru ya ce, "Baba, me ka gani a ciki?"

Malam ya yi gyaran murya. "Na ga gemuna."

"Sai me?"

"In na kauda kai kaɗan, akwatin wasiƙu. Da wata saniya."

Wani har ƙwarewa ya yi da nama. Nasiru ya duƙa ya duba ya ce, "Wa ya sa shi a dama? Mota ta hagu take wuce mutum! A dama ai ciyawa ce kawai!"

Malam, Allah ya saka masa, ya ce, "Ni na ce a sa nan."

Zali ta ce, "Haba Malam, kada ka ɗauki zunubi ranar suna. Ga mai hannu nan, ɗazu ta nuna mana shi."

Na so ƙasa ta tsage. Amma ina ɗago kai sai na ga Nasiru ya buɗe bayan mota ya ɗaga keken, Malam kuma ya cire kwano ya mayar da hularsa, fuskar nan tasa ta taga ta dawo. Nan kunya ta bar ni.

Na ce, "Kai, ajiye keken nan. Laifina ne, ba na ubanka ba."

Ɗan ƙarfen yana jakata. Na sa zan kwance, ya ƙi, ɗaurin da na yi ya fi ƙarfina. Sai da Zali ta riƙe mini ƙahon tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Dusuma, a hankali, Hajiya injiniya, kada ki karya." Na mayar da shi hagu, kuma na yi bisimillar dai, tunda na gane dama ta tuwo ce, titi kuwa ba ruwansa da tarbiyya.

Rabi ta ce a hankali, "Mama, ya ce fa sai Baba yana kai."

"Na ji tun ran nan."

Malam ya hau, Nasiru ya riƙe sirdi. To wa zai zama mota? Ni. Na koma can baya tsakiyar titi da leshina na suna, ina kaɗa mayafi.

"Ka gan ni?"

"A'a."

Nasiru ya ɗan juya madubin. Na matsa hagu, na dawo, na yi tsalle, takalmi ɗaya ya fice. Zali na ihu, "Ki yi ham mana, ai mota ce ke!"

"Ka gan ni?"

Malam ya daɗe yana kallon madubin. Can ya ce, "Na gan ki, Hajiya. Tun da aka ɗaura mana aure, yau na fara ganin ki a bayana."

Nasiru ya saki sirdin, ya je ya rufe bayan mota ba keke a ciki. Malam ya taka feda ya miƙe hanya, hannunsa a sama, ni kuwa ina tsakiyar titi ina neman takalmina.