Dajin da Na Gano a Lusail

Ba zan taɓa mantawa ba da rana ɗaya tilo da na buɗe baki a bainar jama'a na ce "babu shakka". Ni mutum ne mai "wataƙila" da "da alama". Ko sunana aka tambaye ni, sai na ɗan yi jim tukuna.

Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni Doha. Aikina shi ne auna ɓarnar da masu haƙar zinari ke yi a kurmin Ghana, ta hotunan tauraron ɗan'adam. Za ka ɗauko hoton wuri na shekarun baya, ka ɗauko na yanzu, kwamfuta ta shafa ja a duk inda bishiya ta ɓace, rami ya maye gurbinta. A faɗe dai da sauƙi. Amma kurmi ba ya rabo da gajimare. Ka buɗe hoto sai ka ga kamar an zubar da auduga. Don haka da zan gwada manhajar da na haɗa, sai na nemi inda sama take tas, ga ƙasa tsirara, ga ramuka. Na ɗauko hoton Lusail, sabon birnin da ke gefen Doha, na lokacin da ake ta haƙa harsashin gine-gine. Gwaji ya yi kyau, na adana hoton a cikin na Ghana, na manta.

Kwamitin da zai saurare ni shi ne zai ce a ci gaba da ba ni tallafin karatu ko in tattara in koma Gusau. Malamina, wani dattijo Basudane, ya mayar mini da rubutuna duk ya ja layi a ƙarƙashin kowace "wataƙila".

"Ya ɗana, kwamiti ba ya ba mai rawar murya tallafi," ya ce. "Yalla, maza ka faɗi abin da ka gani. Khalas, shi ke nan."

Satin nan ban zauna ba. In tashi, in zaga ɗaki, in dawo in canza kalar rubutu, in sake mayar da ta da. Na duba waƙafi, na duba aya, na goge riga ta ƙone na sayi wata. Habibu, abokin zamana a unguwar Madinat Khalifa, ɗan Zangon Kumasi mai karatun injiniya, ya ce, "Malam, tayil ɗin nan na haya ne fa, kada ka cinye shi da ƙafa." (Abu ɗaya kacal ban duba ba. Kun riga kun gane shi.)

Ranar ta zo. Na nuna hoton farko, kurmi kore shar. Na danna na biyu, allo ya yi ja wur daga sama har ƙasa. Na ɗan yi mamakin yawan jan, domin ban tuna ya kai haka ba. Zuciyata ta ce dakata. Na kalli malamina, ya gyaɗa kai. Sai na buɗe ƙirji.

"Babu shakka," na ce, "masu haƙar zinari ba su bar ko bishiya ɗaya a wannan daji ba."

Har na ƙara da cewa abin tausayi ne ga tsuntsaye da birai. Birai fa!

Wata farfesa 'yar ƙasar, ɗaya daga cikin kwamitin, ta gyara tabarau ta matso.

"Cire mana jan nan mu ga asalin hoton."

Na cire. Ga rairayi, ga teku a gefen dama, ga tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da rula.

"Wannan shataletalen," ta ce a hankali, tana nunawa da biro, "ta nan nake bi kullum in zo aiki. Ramin can kuwa, a kansa aka gina benen da nake ciki. Biran yaushe suka tashi? Ban tarar da su ba."

Ɗakin ya fashe da dariya. Malamina ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa na rawa. Habibu, da na gayyato don ya ƙarfafa mini gwiwa, shi ya fi kowa. Sai da ya fita waje ya ƙarasa. Ni kuwa gumi ya jiƙa sabuwar rigar duk da sanyin na'ura. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wataƙila... da alama an samu kuskure."

"Yanzu ka yi magana irin ta masu bincike," in ji farfesar.

Ba su kore ni ba. Sun ce manhajar da ba ta bambanta haƙar zinari da haƙar harsashi tana buƙatar gyara, in je in gyara in dawo. Na gyara, tallafin ya tsira. Sunana ne bai tsira ba: har yau in mun shiga Lusail sai Habibu ya riƙe mini hannu ya ce, "Sarkin Daji, taka a hankali, kada mu firgita birai."

Na koyi buɗe hoto in kalle shi da idona kafin kwamfuta ta shafa masa kala. "Babu shakka" kuwa na mayar wa malamina abinsa, wataƙila har abada.