Ranar da Na'urar Gwajin Suga Ta Ƙi Ba Ni Lamba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da ma'aikatan lafiya suka zo cocinmu a Samaru yin gwaji kyauta ba, ko da yake na so in manta.

Ina da ciwon suga, kuma na gaji da shan magani. Wata rana likita ta yi mini bayanin firibayotik, wato abincin da ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, irin su wake, albasa, tafarnuwa da ayabar da ba ta nuna ba. Ta ce suna iya rage kumburin cikin jiki, su ɗan taimaka wajen daidaita suga. Ta ƙara da cewa kada in daina shan magani. (Wannan ɓangaren kunnena bai ɗauka ba.)

Na ajiye magani, na rungumi wake. Da ma a nan na tsaya, da sauƙi. Sai na zama malama a zumuntar mata, kowane taro sai na yi wa'azin a bar magani a kama wake da albasa. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga kasala kamar an yi mini duka, amma ina ce wa kaina jiki ne ke gyaruwa. Babbar ɗalibata ita ce Mama Saratu, dattijuwa mai ciwo irin nawa, wadda kullum take zama a gaba tana gyaɗa kai.

Ranar gwajin ni na tara mata. Na miƙa yatsa kafin kowa, na ce, "Ku matso ku gani da idonku."

Ma'aikaciyar ta soki yatsana, ta duba na'ura, ta sake gwadawa. Ta rage murya, amma ai ni na kira mutane su matso.

"Anti, ba ta ba da lamba ba. Ya wuce inda take iya aunawa. Asibiti za ki yanzu."

Kunya ta kama ni, sai kuma tsoro ya fi ta, don na tuna Mama Saratu. Idan ni haka, ita fa da tsufanta? Na roƙa a gwada ta kafin in tafi. Nata lafiya lau.

Ta raka ni bakin titi neman keke napep, tana riƙe da jakata.

"'Yata, waken nan yana yi mini daɗin jiki, ina ci," in ji ta. "Amma ban taɓa fasa shan maganina ba. Na ga kina ta ƙoƙari ne, ban so in karya miki gwiwa."

Ashe duk zumuntar ni kaɗai na yarda da wa'azina. Yanzu ina cin wakena, ina shan maganina, kuma idan likita na magana ina bari ta kai ƙarshe.