Shugaba Hallita Ya Kulle Zaure

Ba a taɓa yin shugaba a Doha kamar Dakta Ja'afaru ba, shi ma da bakinsa ya sha faɗa. Wani taro ya kai shi Finland, ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da mura da kalma guda: hallita, wato yin mulki. Ƙungiyar Hausawa da yake shugabanta ta laƙaba masa Shugaba Hallita, bawan Allah ya ɗauka sarauta ce.

Duk Juma'a a falonsa na unguwar Nu'aija, tuwo na hucewa yana ba 'yan ƙungiya darasin yaren Finland. "Ku ce hallitsen, ina mulki. A'a, ku dakata, wannan nawa ne. Ku dai ku saurara." Likitoci da injiniyoyi su yi tsuru, yunwa na cinsu.

Da zaɓe ya matso, ya ji Injiniya Safara'u na neman kujerarsa, hankalinsa ya tashi, don yana son kujerar nan kamar ransa. Nan take ya kulle zauren ƙungiya na WhatsApp. "Mutanen Finland ba su da surutu, shi ya sa suka ci gaba. Daga yau shugaba kaɗai ke magana. Khalas, magana ta ƙare!"

A makon nan matar Abass, wani ɗan ƙungiya, ta haihu. Abass ya roƙi a sanar da jama'a, Shugaba ya ce sai an kammala babin aikatau na darasinsa. Safara'u ta buɗe sabon zaure don shirin suna, jama'a suka kwashe suka koma can. A wata gona a Umm Salal aka ci ragon, a nan kuma aka ɗaga hannu aka zaɓe ta.

Shi kuwa Shugaba bai ga fitar kowa ba, tunda ba ya karanta saƙon da ba nasa ba. Shirun ma daɗi ya yi masa, ya ce tarbiyya ta kama.

Ranar da ya sa za a yi zaɓe, ya aika dogon jawabi, ya zauna jiran mubaya'a. Da ya gaji ya leƙa zauren, ya tarar saura shi da matarsa Atine.

"Atine! Kin karanta jawabina?"

"Sai na dawo, Dakta," ta ce tana yafa gyale. "Za mu yi wa shugaba murna."

Ƙofa na rufewa ya dubi waya. Atine ta fita daga zauren.