Murfin Kwalbati da Turanci Jimla Uku

Wahalar da na sha a kan Turanci jimla uku, har na koma ga Allah ba na jin zan manta da ita. Shekara ashirin da biyar ina gini a Roni, ban taɓa yin gumi irin na makon nan ba.

Murfin kwalbati na zuba a bakin kasuwa. Aka ce injiniyan da zai zo dubawa ba ya jin Hausa, kuma in aikin ya yi masa, ni za a ba sauran biyu na hanyar Gwiwa. Sai na ce da bakina zan yi masa bayani (aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a gona).

Na je wajen 'yata Hauwa, malamar makaranta ce a Kazaure. Ta ce min ai a Turanci kalmar ƙarfafa kankare daban, ta ƙarfafa jiki daban, ta ƙarfafa wa mutum gwiwa ma daban. Na ce ta zaɓo min ta kankare kawai. Ta ce, "Baba, riyinfos. Maimaita." Ta haɗa min jimla uku da kalmar. Kwana biyar ina hawa babur ina zuwa ina maimaitawa. Kwana biyar ɗin nan kuwa ko moɗa ɗaya ban ba murfin ruwa ba, ga ranar bazara. Ni da nake zagin magina a kan ban-ruwan siminti.

Ranar da injiniya ya zo, mai unguwa na nan, 'yan kasuwa sun kewaye mu. Na zubo jimlolina tsaf, har ya gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na tsira. Amma mu magina ba ma yabon aiki da baki kawai, hawa muke mu daka tsalle. Na hau, na ce "riyinfos", na tuma. Gefen ya ɓalle, na zurma cikin kwata har cinya, hulata ta bi ruwa.

Mai unguwa ya leƙo ya ce, "Malam, Turancin dai ya riƙe."

Aikin Gwiwa wani aka ba. Yanzu na san siminti bai damu da yaren da aka yabe shi da shi ba, ruwa yake so. Washegari bayan asuba na ɗingisa da guduma na farfasa murfin, na sake zubawa, na ajiye jarka biyu a gefensa.