Malam Haladu da Kabad ɗin Kicin

Ina da wani aboki a Tudun Wadan Zariya, Malam Haladu, tsohon ma'aikacin gidan ruwa. Mutumin kirki ne, sai dai in ya sa abu a ransa, ko da tirela ba ka janye shi. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi tabarma a ƙofar gida kamar sauranmu, sai ya faɗa kallon bidiyon kafintocin Turai a waya. Za ka ga mutum ya ɗauko falanki ya zura a inji, kafin ka ƙifta ido kabad ya tsaya da ƙofofinsa yana sheƙi. Malam Haladu ya kalla ya sake kalla, ya ce mini, "Ka ga wannan? Ba wata basira ba ce. Inji ne ke aikin, su turawa kawai suke yi. Shi ya sa ma ake ce musu Turawa."

Ana cikin haka matarsa, Hajiya Saude, ta kira kafinta ya sake mata kabad ɗin kicin, don gara ta cinye tsohon. Mutumin ya zo ya ɓamɓare tsohon tas, ya zaro tef zai auna bango, sai ga Malam Haladu ya shigo. Ya tsaya yana kallonsa, ya ga ba haka ake awo a bidiyo ba. Ya sallame shi cikin mutunci, ya juyo ya ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, kabad ɗin gidansa da hannunsa zai yi shi. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta zuba tukwane da kwanuka a kwalaye, ta jera su a gefen tsakar gida, ta zuba ido.

Abin da ya fara saya shi ne zarton lantarki, irin na riƙewa a hannu. Ranar gwaji ya ɗora falanki a kan teburin cin abinci, ya ce bismillahi, ya danna. Falanki ya rabu biyu kamar yadda ake so. Da ya ɗaga, sai ya ga kusurwar teburin ma ta bi shi ƙasa. Ya ce ai laifin teburin ne, katakonsa ba shi da ƙwari.

Daga nan ya ce ba a fara kabad sai an huda bangon da za a rataye shi, ya sayo injin huda. Ya ɗora a bangon kicin ya danna da ƙarfinsa, bai tsaya ba sai da ya sami bututun ruwan da ke binne a ciki. Ruwa ya yi tsiri har rufi. Maƙwabcinsa da ya shigo taya su kwashewa ya ce duk shekarun da Malam Haladu ya yi a gidan ruwa, bai taɓa kawo wa unguwar ruwa mai ƙarfin na ranar ba.

Sai injin goge katako. Shi kam bai fasa komai ba, ƙura kawai ya tayar. Miya ƙura, shanya ƙura, jikokinsa in sun zo gaisuwa da atishawa suke komawa gida. Duk wannan hidima, abu ɗaya ya fito daga hannunsa: kujera 'yar tsugunno. Ita ma da aka ajiye ta sai ta riƙa rawa. Ya rage ƙafa ɗaya, ta koma rawa ta wancan gefen. Ya rage waccan. Haka ya yi ta bin ƙafafun har suka ƙare. A kanta Hajiya ke yanka albasa yanzu.

To, sai aka sa bikin ɗansu Mujittaba. 'Yan uwan Hajiya za su zo daga Katsina, a gidan za su sauka, a kicin ɗin nan za a yi girki. Hajiya ta same shi ta ce, "Malam, ka san yayyena. In suka tarar da tukwanena a kwali kamar mai shirin tashi daga haya, har jikokina sai sun ji labarin. Ka ba ni kabad ɗina kafin su zo."

Ya ce, "Haba Saude, ai aiki ya zo ƙarshe. Inji ɗaya ya rage."

Matsalar ita ce bai san wanne ba. Guda biyu ne suka tsaya masa a rai. Akwai teburin yanka, wato tebur mai zarto a tsakiya, wanda ke fitar da katako a miƙe sambal. Akwai kuma wanda kafintoci ke kira rauta, mai sassaƙa ado a gefen ƙofa. Kullum bayan la'asar sai ya zo majalisarmu da waya a hannu yana nuna mini. Ni kuwa na sami abin yi. In ya ce tebur, sai in ce, "Anya? Kabad babu ado ai akwatin gawa ne." In ya koma rauta, sai in ce, "To ado a kan karkatacciyar ƙofa, wa zai yaba?" Ya tafi gida yana lissafi da yatsu a iska, gobe ya dawo da sabuwar hujja.

Rannan Hajiya za ta Sabon Gari ɗauko atamfar anko, ya ce zai kai ta, ya biyo ya ɗauke ni. Muna shiga kasuwa, maimakon layin 'yan atamfa, sai ya karya kan mota ya tsaya a gaban shagon wani mai sayar da injuna, ana ce masa Ɗanliti. Ya ce, "Saude, yi haƙuri, yanzu zan fito." Muka bar ta a mota muka shiga shagon.

Ɗanliti na hango shi ya miƙe da fara'a har kunne. "Injiniya da kansa! Yaya aiki? Kabad an gama?"

"Saura ƙiris. Shawara na zo. Tebur ko rauta?"

Ɗanliti ya shafa teburin yankan kamar mai shafa doki. "Injiniya, wannan in ka sa masa katako, ko da ido rufe ka tura, a miƙe zai fito."

Malam Haladu ya gyaɗa kai. "Shi ke nan, tebur."

Na ce, "Ɗanliti, ɗan nuna masa aikin ɗayan, don kada ya je gida ya yi da-na-sani."

Ɗanliti ya ɗauko wani guntun katako da aka yi wa ado da rauta, gefensa ya lanƙwasa kamar zanen lalle. Malam Haladu ya karɓa ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, idonsa ya yi ƙyalli. "Kai! A'a, rauta."

"Amma fa," in ji Ɗanliti, "rauta ba ta gyara yankan da ya karkace."

"To tebur."

"Tebur kuma ba ya ado."

Haka suka yi ta kai da komowa. Malam Haladu ya cire hula ya mayar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya miƙe ya ɗaga rauta yana auna nauyinta. Rana ta take, mota ta zama tanda. Can sai muka ji sallama. Hajiya Saude ce a bakin shago, tana fifita da gefen mayafi, gumi na bin fuskarta.

Ɗanliti ya yi maza ya jawo benci. "Sannu da zuwa Hajiya, bismillah ga wuri."

Na ce, "Yawwa Hajiya, gara da kika shigo. Kicin ɗinki ne, ke za ki raba gardamar nan."

Malam Haladu ya harare ni, amma ya daure ya shiga yi mata bayani, yana nuna wannan yana nuna wancan. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta nuna teburin ta ce, "Wannan me yake yi?"

"Yanka katako."

"Na gida fa?"

"Shi ma yana yankawa, amma a karkace."

"Oho." Ta nuna rauta. "Wannan fa?"

"Ado yake yi wa ƙofar kabad."

"Wace ƙofar?"

Malam Haladu ya yi gyaran murya. "Wadda za a yi."

Ɗanliti ya ga ciniki na neman sulalewa, ya yi wuf ya jawo wani sabon kwali ya buɗe a gabanta. "Hajiya, duk wanda kuka ɗauka ba za ku yi nadama ba. Dubi nan. Ga makullan ɗaurewa, ga ƙarin baki in wannan ya dakushe, ga takardar bayani, har tabarau na kare ido. Kamfanin nan ba su bar komai ba. Duk abin da ake bukata don kabad ya tsaya, yana cikin kwalin nan."

Hajiya ta sunkuya ta ɗaga takardar, ta ture makullan gefe, ta zura hannu har ƙasan kwalin tana lalube.

Malam Haladu ya ce, "Saude, me kuma kike nema?"

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kafintan nake dubawa ko sun sako shi, Malam. Shi kaɗai ne ba mu da shi a gida."